Bikon Kwaɗin Tsamiyar Gwanki

A garin Tsamiyar Gwanki aka yi wata mata mai suna Tasalla, wadda kwaɗo ya yi wa sallama da hantsi, ta kuwa amsa masa kafin ta tuna cewa kwaɗo ba ya magana.

Ta sunkuya ne da moɗa za ta ɗebi ruwa a randa, sai ta ji an ce, "Salamu alaikum, uwar ɗakina." Ta amsa, sannan ta waiga ba ta ga kowa ba sai tsohon kwaɗon nan mai ƙuraje da ya daɗe yana zaune a gindin randarta. Kullum in ta sha ruwa takan tsiyaye masa ragowar moɗa a ƙasa, kamar yadda ta taso ta ga uwarta na yi. A lokacin shi kaɗai ne kwaɗon da ya rage a garin.

Bari in ɗan koma baya, don a san nauyin wannan magana. Mutanen Tsamiyar Gwanki ba sa shuka don kawai sun ga ruwan sama. Tun kaka da kakanni, sai kwaɗi sun yi shela ake fita da sungumi. Ruwan farko yakan yi ƙarya, ya jiƙa ƙasa ya tafi abinsa, iri ya tsiro rana ta ƙone shi. Shi kuwa kwaɗo, da yake ransa da na 'ya'yansa a kan ruwan suke, ba ya buɗe baki sai damina ta zauna. A da garin kewaye yake da 'yan kududdufai barkatai, wani inda aka haƙi ƙasar gini, wani inda mata ke ɗiban yumɓu, wani kuwa kwari ne kawai da ruwa ke kwanciya a gindin bishiya.

Mijin Tasalla, Jatau, gwanin haƙa ne kuma mutumin kirki, sai dai irin mutanen nan ne da in sun ga abu a karkace ba su da sukuni sai sun miƙe shi. Ya tara majiya ƙarfi suka cike kududdufan nan kaf, suka haƙa tafki guda ƙato mai zurfi, gefensa a tsaye kamar bangon ɗaki, aka zuba tarwaɗa a ciki. Ya ce ai 'yan'uwa a akushi ɗaya suke ci, don haka mutane da dabbobi da kwaɗin duk su sha a wuri guda. Aka yi ta sa masa albarka, har makaɗa suka sa shi a waƙa. Da damina ta zagayo gari ya yi tsit. Aka jira shela shiru, aka shuka da ka, iri ya ƙone. Shekarar da ta biyo ma haka aka yi. Yanzu rumbuna sun zama wurin wasan ɓeraye, wasu gidaje sun fara ɗaure kaya, irin geron da ya rage wa kowa bai fi a ƙulle a bakin zani ba. Tasalla ce kaɗai ke da gora guda cike, wadda ta hana tukunya duk da yunwa. In wannan ma ya ƙone, Tsamiyar Gwanki ta zama kufai.

Kwaɗo ya ce, "Na daɗe ina shan ruwanki ban taɓa saka miki ba. Dangina sun yi yaji, sun koma Birnin Laka wurin Magajiya, aljanar da Allah ya ba kiwonmu. Wanda ya yi yaji kuwa ba ya dawo da kansa. In kina da ƙafa, ni na san hanya."

Tasalla ta ce, "Bawan Allah, ai mai laifi ke zuwa biko, ko ya aika manya."

Kwaɗo ya ce, "Mai laifin bai san ya yi laifi ba, yana can bakin tafkinsa yana kallon tarwaɗa. Ɗaga randar."

Ta ɗaga, sai ga rami da matakala tana naso. Ta ɗauko gorar irin ta goya ta kamar jariri, ta tamke da majanyi, domin ta san halin mijinta, in hadari ya taso tana can sai ta dawo ta tarar an shuka. Ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarta, "In maigida ya shigo, ki ce masa na je masa biko." Ta bar matar da baki buɗe, ta bi kwaɗo.

Suka yi ta gangarawa har duhu ya yaye, suka fito wani fili marar iyaka, ƙasarsa duk ta tsattsage, ga rana biyu a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kwaɗo ya tsaya ya ce, "Nan ne Filin Masu Barci. A ƙarƙashin ƙafarki akwai dangina masu binne kansu da rani, kowa ya naɗe a tsohuwar fatarsa yana jiran ruwa. Ɗigo ɗaya in ya taɓa ƙasar nan, za su zaci damina ce su fito, rana ta kashe su. Kada guminki ya ɗiga, kada ki tofar da yawu, kada ki yi kuka."

Tasalla ta cire ɗankwali tana tafe tana share fuska da wuya. Ta cikin tsagar ƙasa tana hango su a kwance, a cuccure kamar dawo. Can tsakiyar fili ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa, ta yi wuf ta cafe ƙafar da hannu kafin jini ya zuba, ta yagi bakin zani ta ɗaure, ta ci gaba da tsalle a ƙafa ɗaya. Kwaɗo ya waigo ya dube ta ya ce, "Yanzu kin fara tafiya irin ta mutanen kirki." Abin da ya fi ƙayar wuya shi ne da ta tuna geronta na bara, yadda ya amsa kiran ruwan ƙarya ya fito kore shar, rana ta bi shi ta ƙone. Tausayin bayin Allahn nan da ke barci ya kama ta, hawaye suka ciko. Ta ɗaga fuska sama ta haɗiye su, a haka ta ƙarasa filin tana kallon rana biyu.

Daga nan suka iso wani kogi mai baƙin ruwa, ba jirgi ba gora. A tsakiyarsa wani zalɓe ne a tsaye, tsawonsa ya kai giginya, amma ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin gashi. Ya sauko da dogon bakinsa daidai fuskarta ya ce, "Wace ce ke, mai ƙafa biyu ba fiffike, mai goyon abin da ba ya kuka?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Tasalla ce daga Tsamiyar Gwanki. Biko za ni Birnin Laka."

Zalɓe ya ce, "Ni ne mai fiton kogin nan, kuma ba na fito da yunwa. Ki ba ni wancan da ya laɓe a bayan dugaduganki, ko ki kwance goyonki in watsa wa 'yan'uwana tsuntsaye."

Tasalla ta sunkuya ta ɗauki kwaɗo, abin da ba ta taɓa yi da hannunta ba, ta cusa shi a ƙirjin zaninta. Ta ce, "Wannan baƙona ne, ya sha ruwan gidana. Na bayana kuwa ran gari ne. Amma in ba za ka yi fushi ba, ranka ya daɗe, me ya ramar da kai haka?"

Zalɓe ya ce, "Tafkin mijinki. Ba shi da gefen da zan tsaya, ba shi da kwaɗon da zan ci."

Ta ce, "To in ka ci wannan, kalaci ɗaya ka yi. In ka fitar da ni na komo da danginsa, ka ci, jikokinka su ci."

Daga cikin zani kwaɗo ya ce, "Uwar ɗakina, da wuyan dangina kike wannan ciniki, kuma ina ji." Kunya ta kama Tasalla. Amma sai ya ƙara da cewa, "Ba komai, haka Allah ya tsara. Yana cin rabonsa a cikinmu, mu ma muna cin namu a sauro da fara, tun farkon duniya ba wanda ya ƙarar da wani. Wanda ya tashe mu daga gari bai taɓa cin ko ɗayanmu ba."

Zalɓe ya miƙo ƙafa, Tasalla ta rungume ta kamar mai hawan bishiya, ya taka da ita har gaɓar can. Da zai juya ya ce, "Ki faɗa wa mijinki ya bar wa ruwa gefe."

Ganuwar Birnin Laka ɗanya ce, ba ta taɓa bushewa ba, kuma tana hawa tana sauka a hankali kamar cikin mai barci. Tasalla ta shiga da tunanin da kowa ke da shi, cewa kwaɗo kwaɗo ne. Ba ta yi nisa ba ta watsar da shi. A unguwar farko ta ga 'yan mitsi-mitsi a kan tsinin ciyawa, sun yi fari fat kamar an shafa musu alli, wai haka suke yi don rana ta ƙyale su. A ta gaba ta ga masu jan baya da baƙin ciki suna zaune a gidan tururuwa hankali kwance, tururuwa na ratsa su ba mai cizo. Ta ga masu tsinin hanci da ke shiga ƙasa da ka, uwarsu na haƙa wa 'ya'yanta hanya daga rami zuwa ruwa. Ta ga wasu shafaffu masu baƙin farce da ba sa fitowa tudu ko da wasa, da wasu masu zane a baya waɗanda ba sa tsalle, sai dai su taka da gudu kamar an aike su. A saman rassa kuwa wasu mata ne ke kaɗa kumfa da ƙafafun baya, suna rataye ƙwansu a ciki daidai saman ruwa. Ta yi ta tasbihi tana tafe har wuyanta ya gaji da waige.

A tsakiyar birni ta tarar da Magajiyar Laka zaune a kan ganyen bado mai faɗin tabarma. Tsohuwa ce doguwa, jikinta ɗanyen yumɓu, gashinta gansakuka, idanunta jawur kamar gwal, in za ta yi magana sai maƙogwaronta ya kumbura tukuna. Tasalla ta zube ta yi gaisuwa.

Magajiya ta ce, "'Yar Adam, mun ji takunki tun daga Filin Masu Barci, kuma ba wanda ya farka. Wannan ya sa aka buɗe miki ƙofa. Kin san ƙa'idar biko a garinku?"

Tasalla ta ce, "Allah ya ja zamaninki, na sani. Mai biko yakan zauna a ƙasa, ya ji duk abin da za a faɗa, ba ya mayar da magana."

Magajiya ta ce, "A nan ma haka take."

To wanda ya san Tasalla ya san an ɗora mata babban kaya, domin ita mace ce da ko akuya ta yi mata kuka sai ta ba ta amsa. Burduddugi ne ya fara fitowa, ƙato kamar turmi. Ya ce, "Ni a ruwa marar zurfi nake tsaron 'ya'yana, in ya fara ƙafewa in haƙa musu hanya zuwa wani. Mijinki ya ba ni rijiya. Na zuba ƙwaina da safe, tarwaɗa suka yi kalaci da su." Uwar Kumfa, babbar masu rataye ƙwai a rassa, ta leƙo daga reshe ta ce, "Ya sare bishiyar da nake rataya, wai tana zubar da ganye a ruwansa. A ina zan rataya, a gemunsa?" Fada ta ɗauki dariya. Wani siriri daga cikin masu zane ya ce, "Mu mun shiga tafkin don mu gwada, muka kasa fitowa. Da yawanmu suna can har yanzu." Nan dariya ta ɗauke. Haka suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, wasu da zagi, wasu da kuka. Aka kira Jatau sakarai, aka kira shi mai kan dagi. Tasalla ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Da suka gama ta ce, "Mun yi laifi. A yi mana aikin gafara."

Magajiya ta ce, "Baki ya iya. Bari mu ga hannu. Ga baƙi nan sun yi magana sun ji ƙishirwa, ki shayar da su."

Aka ajiye mata wata ƙwarya da mutum zai iya kwanciya a ciki, da tulun da ruwansa ba ya ƙarewa. Tasalla ta ji daɗi, ta ce a ranta in dai saukar baƙi ne an zo gidanta. Ta wanke ƙwaryar tas, ta cika ta har baki, ta kawo tsakiyar fada ta ce, "Bismillah, kowa ya matso, ba baƙo a cikinku."

Aka matso. Burduddugi ya faɗa ciki, ruwa ya yi ambaliya, da ya buɗe baki zai yi godiya sai ga maƙwabcinsa a ciki, da ƙyar aka sa ya tofo shi. Masu tsinin hanci suka zagaya suna neman inda za su haƙa, suka rasa, suka juya baya. Uwar Kumfa ko saukowa ba ta yi ba. 'Yan ƙananan kuwa da suka yi kara suka shiga, sai ga su suna ta fafutuka a jikin ƙwarya mai santsi, suna hawa suna zamewa. Tasalla ta sa hannu biyu tana tsamo su.

Magajiya ta dube ta ta ce, "Ashe ke ma."

Maganar ta shige ta. Duk tafiyar nan tana ganin laifin mijinta ta zo wankewa, ashe ita ma da an ba ta dagi abin da za ta haƙa ke nan. Karamcin da aka rene su da shi ne, a tara kowa a akushi ɗaya, ba tare da an tambayi baƙo me yake ci ba. Can ta ce, "Allah ya ja zamaninki, a ba ni izini in yi ɓarna."

Magajiya ta ce, "An ba ki."

Tasalla ta ɗaga ƙwaryar ta maka da ƙasa, ta tarwatse ta zama sakaina, manya da ƙanana. Ta ɗauki guda ta je gindin reshe ta ce, "Baiwar Allah, a ina kike so?" Uwar Kumfa ta nuna mata, ta ajiye daidai ƙarƙashin kumfar ta zuba ruwa. Ta ba burduddugi mai faɗi marar zurfi, ta haɗa masa da wata a kusa. Ta binne wata a rairayi don masu haƙa, ta jera ciyawa a wata don farare su sami abin hawa, ta ba masu farce mai zurfin da laka a ƙasa. Kowace sai ta karkata bakinta, yadda mai shiga zai iya fita. Ba wanda ta zuba wa ruwa sai da ta durƙusa ta tambaye shi. Aikin ya ci ta har bayanta ya ƙage, gorar iri na goye ba ta sauke ba. Da ta miƙe, fada ta cika da ƙarar shan ruwa.

Magajiya ta ce, "In sun tarar da haka a garinku za su koma. Amma ki ji da kyau, wanda aka taɓa kora ba ya saurin buɗe baki. Ruwa zai zo muku, kowa ya ce ya isa, kada ki kwance goyonki. Ki jira muryar wannan." Ta buɗe tafin hannunta, sai ga wani ɗan kwaɗo da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya kumbura wuya ya yi kuka sau ɗaya, kamar ɗigon ruwa ya faɗa cikin tulu. Ta ce, "Shi ne autanmu. Ya fi kowa saurin mutuwa in ruwa ya yanke, don haka ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba. In ya yi kuka, ko rana na tsaga ƙasa, ki shuka."

Ta hura wa Tasalla iska mai ƙanshin sabon ruwa. Tasalla ta buɗe ido ta gan ta a gindin randarta, ƙafa ɗaure da tsumma, kwaɗo na zaune a mazauninsa. Ta yi masa godiya, ya lumshe ido kawai. Daga ranar bai ƙara magana ba.

Ta jira Jatau ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta zauna gefensa ta ce, "Maigida, na je biko a madadinka. Na sha zagi ban rama ba, kuma ka san abin da wannan ya ci mini." Ta kwashe labari ta faɗa masa, har da ƙwaryar da ita ma ta cika, ba ta rage komai ba sai maganar gemu. Jatau ya tashi ya tafi bakin tafki ya daɗe a tsaye, ya bi gefen da kallo, ya ga lallai ko shi ya faɗa sai an miƙa masa igiya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin a duniya ba shi da abin nunawa sai wannan tafki. Washegari da sassafe aka ji ƙarar dagi, aka fito aka tarar da shi yana rushe gefen gabas da hannunsa.

Mutane suka ce ya taɓu. Da Tasalla ta yi bayani wasu suka yarda, wasu suka kama aikin don dai zama bai ƙare su da komai ba. Aka bar wa tarwaɗa da shanu rabin tafkin, aka kwantar da gefensa. Kududdufan da aka cike kuwa Jatau ya san wurin kowanne, tunda shi ya binne su. Ya bi su ɗaya-ɗaya ya tone, Tasalla na biye tana cewa wannan a bar shi ba zurfi, wancan a dasa masa reshe, wannan kada a nome ciyawarsa. Gwanin da aka sani da miƙe abu ya wuni yana karkata shi, yana yi yana tsaki.

Ana nan sai hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye manoma suka tona ƙasa, danshi ya kai gwiwar hannu. Aka kasa kunne, ba kukan kwaɗo ko ɗaya. Dagacin garin da kansa ya yi sallama a ƙofar gidan Jatau ya ce, "Tasalla, kin yi ƙoƙari, Allah ya saka. Amma ruwa irin wannan ba ya ƙarya, kwaɗinki kuwa ba mu ga ƙeyarsu ba. Ki fito da irin nan a raba, kada danshi ya wuce mu."

Daga bayan zana Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. An ce in jira."

Dagaci ya dubi Jatau, yana jiran ya tsawata wa iyalinsa. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na taɓa yi wa garin nan sauri, an ga inda ya kai mu."

Mutane suka fita da ɗan abin da ke bakin zaninsu suka shuka. Ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta washe kamar an share ta, rana ta buɗe, tsiron ya lanƙwashe ya bushe a idon masu shi. Tasalla ba ta yi murnar gaskiyarta ba, tsoro ne ma ya cika ta, domin lokaci na tafiya, kududdufai na janyewa, kuma yanzu duk garin gorarta yake kallo. Takan zauna ta ce a ranta, in fa kwaɗin sun fasa dawowa?

Wata rana da azahar, zafi ya hana ko kaza motsi, ta je duba ɗan kududdufin gindin reshe, wanda saura laka da ruwa cikin tafin hannu. Tana tsaye sai ta ji ɗigo ya faɗa cikin tulu, alhali ba tulu a wurin. Ta kasa kunne. Aka sake.

Ta kwance goyonta a ƙofar gidan dagaci, ta bi gida-gida tana zuba wa kowa cikin tafin hannu. Aka dubi sama, ko gajimare babu. Wani tsoho ya ce, "'Yar nan, mu binne iri a wannan ƙura? Ai tururuwa da tsuntsaye za mu yi wa sadaka." Ta ce, "Baba, wanda ya faɗa mini ransa ya sa a maganar." Jatau ya saɓa sungumi ya yi gaba, aka bi shi ɗaya-ɗaya. Ya sara, ƙura ta tashi, ta jefa iri ta take da ƙafa. Kafin la'asar ta kifa gorar ta girgiza, ko ƙwaya ba ta faɗo ba.

Ranar ta faɗi sama wasai. Washegari ma haka ta fito, tsuntsaye suka fara sauka a gonaki, mutane suka bazu suna kora, ba mai duban idon wani. Tasalla ta zauna a kan kunya da busasshiyar gora a cinya, ta rasa addu'ar da ba ta yi ba. Sai da rana ta karkata iska ta juyo daga gabas, mai sanyi. Ɗigon farko ya faɗo mata a bayan hannu.

Ruwan bai gama sauka ba gari ya ɗauka. Daga kowane kududdufi murya daban, burduddugi na gurnani a gabas, farare na ƙyalƙyalawa a ciyawa, masu haƙa na kirari daga rairayi, autan na ɗiga nasa a tsakani. Tsofaffi suka tsaya cikin ruwa suna kuka ba kunya. Tasalla na jin kowace murya tana gane mai ita, ta yi ta amsa musu tana cewa, "Sannunku da zuwa, mun gode, Allah ya bar zumunci." Damina ta zauna, ba ta ƙara ɗagawa ba sai da gero ya nuna.

Ranar da aka fara girbi, Tasalla ta ɗaure damin farko, ta ɗora a ka, ta nufi kududdufai maimakon rumbu. Jatau ya biyo ta yana cewa, "Tasalla, ina za ki da shi? Kwaɗo fa ba ya cin gero."

Ta sauke damin a bakin ruwa, ta gyara masa zama, ta ce, "Na sani, maigida. Amma dai ya ga an kawo."